Waƙar da Fusae Ta Zaɓa wa Iya Kikuno

A tsibirin Hirase, can yammacin Japan, jirgin fito sau biyu yake zuwa a yini, in ruwa ya yarda. Wadda ke sayar da tikiti a tagar tasha sunanta Fusae Urakawa. Shekararta talatin da takwas a kan kujera ɗaya, har katakon ya lotsa daidai zamanta. Amma in ka tambayi mutanen tsibirin aikin Fusae, ba wanda zai ambaci tikiti. Cewa za su yi ita ce mai zaɓen waƙa.

Duk wanda zai bar tsibirin, irin barin da ba a dawowa da jirgin yamma, sai an raka shi tasha. Yana tsaye a barandar jirgi riƙe da bakin zirin takarda masu launi, 'yan rakiya a ƙasa kowa da nasa naɗin a hannu. Jirgi yana ja, takarda tana warwarewa, har ta ƙare ko ta tsinke. A duk tsawon wannan, lasifikar tasha tana waƙa. Waƙar nan ce ta Fusae.

Wata Talata a ƙarshen Maris, bayan jirgin safe ya tashi, Tatsuo ya tsaya a gaban tagar. Ɗan Iya Kikuno ne, ya kai sittin, ya daɗe da komawa Nagasaki. Ya rusuna har tabaransa ya kusa taɓa katakon taga.

"Fusae-san, tikiti biyu na Asabar, jirgin safe. Ni da Iya."

"Zuwa da dawowa?"

"Zuwa kaɗai."

Fusae ta ɗago kai.

"Asibiti na ce mata za mu," in ji shi, ya rage murya ko da yake ba kowa a ɗakin jira. "Gidan kula da tsofaffi ne, kusa da inda nake. Sau biyu ke nan tana barin tukunya a wuta. Makon jiya a bakin ruwa aka same ta, ba takalmi, tana neman kwale-kwalen Baba da aka sayar shekara ashirin. Roƙo na zo yi. Ranar Asabar ban da waƙa, ban da takarda. Ita da ta raka mutum ɗari a tashar nan, tana jin lasifika za ta gane. In ta gane ba za ta hau ba. Ko kuma ta hau tana kuka, ni kuwa ban san yadda zan yi da kukan Iya ba. Ban taɓa gani ba."

Fusae ta miƙa masa tikitin da hannu biyu. Ta ce, "Na ji." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Fusae 'yar mai gyaran koma ce. Uwarta tana cikin mata masu nutso, waɗanda ke sauka ƙasan teku da numfashi ɗaya su ɓamɓaro dodon-koɗi daga jikin dutse. Da ita ma can za ta, amma tana da shekara sha biyar kunnenta na hagu ya fashe a ruwa, likita ya hana ta. Sa'o'inta suka shiga kwale-kwale, ita ta zauna a tudu. Tana da ashirin da huɗu aka ba ta tagar.

A lokacin kaset ɗaya ne a tasha, wani sanyin kiɗa irin wanda kantuna ke sakawa in za su rufe. Shi ake saka wa shugaban makaranta, shi ake saka wa ɗan sanda, har wata rana aka saka wa wani bijimi da aka sayar ƙetare, don mai shi ya nace. Sai aka yi wa wata ma'aikaciyar jinya canjin wuri. Shekara uku Fusae tana jin ta kullum tana wucewa a keke tana rera wata waƙar rediyo mai tsalle-tsalle, wadda ba ta da mutunci ko kaɗan. Fusae ta aika aka sayo mata kaset ɗin. Ranar tafiya, da waƙar ta tashi, dattawa suka haɗe rai. Ita kuwa yarinyar ta sulale ta zauna daɓas a daɓen jirgi, tana dariya tana kuka, takardun suna zamewa daga hannunta. Tun daga ranar ba a sake jin kiɗan rufe kanti a tashar Hirase ba.

Fusae ba ta tambayar mutum waƙar da yake so. Ta ce in ka tambaye shi, wadda za a ga girmansa da ita zai faɗa maka. Saurare take yi da kunnen nan ɗaya: abin da mutum ke gunguni yana jiran jirgi, ko yana shanya, ko yana ɗaure takalmi. Daga kwance igiya zuwa jirgi ya gifta hasumiyar fitila minti huɗu da rabi ne, don haka waƙar da ta gaza haka ko ta wuce, ba ta shiga akwatinta. Ba ta saka waƙar "ka dawo" ga wanda aka san ba zai iya dawowa ba. Masu shirya liyafar ban kwana a zauren gari ma wurinta suke zuwa, takan ce musu, "Kar ku miƙa masa waƙar da ta fi ƙarfin muryarsa. A tsakiya maƙogwaro zai shaƙe, ku bar shi tsaye da kunya. Ku ba shi wadda kowa ya san amshinta, in ya kasa ku ɗauke masa."

Akwai kuma abin da ke tsakaninta da Iya Kikuno, wanda ba a cika ambatarsa ba. Tana shekara ta bakwai a tagar, cikin tsananin sanyin Fabrairu, aka ga kwale-kwalen mijinta Shigeo a kife. Maza suka yi kwana biyu suna neman gawarsa daga sama. Kikuno, tana da hamsin da bakwai a lokacin, ta ɗaura igiya a ƙugu ta shiga ruwan da ba mai shigarsa a wannan wata. Kwana huɗu tana sauka. A na huɗu ta zo tagar, gashi na ɗiga, leɓe ya yi baƙi, ta ce, "Fusa, rufe tagar. Zo ki karɓi mijinki." Shekara talatin da ɗaya ke nan. Duk ranar da Fusae ta buɗe baki za ta yi godiya, sai Kikuno ta tambaye ta ko jirgin yamma zai zo.

Wannan ce za a fitar daga tsibirin shiru, kamar buhun ganyen teku.

Bayan tafiyar Tatsuo, Fusae ta jawo akwatunan kaset daga ƙarƙashin tebur, sama da ɗari huɗu, ko da yake kamfanin jirgi ya daɗe da kawo mata sabuwar na'ura da ba ta taɓa cire ledarta ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Tana tsakiyar akwati na biyu ta tsaya. Ta san abin da mai gidan waya ke gunguni, ta san na limamin haikali, ta san na yaran da suka girma suka tafi. Ba ta taɓa jin Kikuno ta rera komai ba. Ko sau ɗaya.

Laraba da hantsi ta ɗauki ƙunshin wainar busasshen dankali ta hau tudun unguwar masu nutso. Ta iske tsohuwar zaune a dakalin katako na gidanta, tana fuskantar ruwa, bargo a cinya. Ta ƙanƙance ƙwarai, sai dai kafaɗun nan suna nan da faɗinsu.

"Iya, barka da hutawa."

Kikuno ta dube ta tsawon lokaci. "Ke 'yar Mitsu ce. Mai kunnen nan."

"Ni ce, Iya."

"Mijinki ya dawo?"

"Ya dawo."

"To."

Fusae ta zuba musu koren shayi, ta juya kunnenta mai ji wajen tsohuwar, ta zauna. Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta kama. Ba gunguni, ba ko motsin leɓe. Har ta fara naɗe ƙyallen da ta ƙunso wainar, sai idonta ya sauka kan bargo. Hannayen Kikuno biyu a dunƙule suke, suna turawa gaba, su ɗan dakata, su jawo baya. Diddigenta na dama yana buga katako a hankali duk lokacin da suka jawo. Fusae ta bi bugun a zuci. Ba ya cikin akwati ko ɗaya.

Daga nan ta gangara rumfar shanya ganyen teku, inda Goggo Yone ke aiki. Yone ta yi nutso tare da Kikuno shekara arba'in, yanzu tana da tamanin da uku, bakinta kuwa bai tsufa ba. Fusae ta dunƙule hannu ta gwada mata motsin.

Yone ta tuntsire da dariya. "Ke, wa ya koya miki tuƙi kamar mai kirɓa sakwara? Haka za ki yi ta zagaye a wuri ɗaya har rana ta faɗi."

"Tuƙi ne, Goggo?"

"Waƙar fita ce. Kafin injin ya zo ya lalata mu, mu takwas muke shiga kwale-kwale da safe, Kikuno a baya tana bayarwa, mu muna amsawa muna ja. Muryarta fa, in ta ɗaga, na wancan tsibirin sai su ɗauka da su take. Kuma nan take take ƙagowa. Duk wadda mijinta ya yi abin kunya jiya, yau a waƙa za ta ji."

"Ban taɓa ji ba."

"A ina za ki ji, kina bayan taga kamar kifin kwalba? Ba ta yi sai mun bar gaɓa. Ta ce ta ruwa ce, ba a hawa da ita tudu."

Fusae ta ce, "Akwai ta a kaset?"

"Kaset! Wa zai ɗauki rikoda ya shiga ruwa don ya ji ana zagin mijin abokiyar nutsonmu Tora?"

Alhamis Fusae ta sami Tatsuo a bayan gida yana ƙulle kayan uwarsa a kwalaye, a inda ba za ta gani ba. Ta gaya masa abin da ta samo.

"Ba ta rabuwa ba ce," in ji ta. "Ta fita aiki ce da safe. Babu kuka a cikinta, babu sai wata rana."

"Kina da tabbacin ba za ta gane ba?"

"Ba ni da shi."

"In ta ƙi hawa fa? Na yi shekara biyu ina jiran gadon nan. In ya wuce, wani za a ba."

"In ta ƙi, ni na jawo. Zan tsaya a gaban kowa in faɗa."

"Faɗarki ba za ta kashe wutar tukunya ba, Fusae-san."

"Haka ne."

Ya ci gaba da naɗe wata tsohuwar rigar nutso, fara, duk ta yi rawaya. Ya sa ta a kwali, ya fitar, ya sake sawa. Can ya ce, "Waƙar kaɗai. Ban da takarda, ban da taro."

"Takarda na ɗauka maka alkawari. Mutane kuwa, ba zan iya hana wanda ke da saƙo a tasha ya zo karɓar saƙonsa ba."

Tatsuo ya dube ta ta saman tabarau. Tare suka yi firamare. Ya ci gaba da ƙulle kwali.

Juma'a bayan tashin jirgin yamma, rana da sauranta, tsofaffi uku suka cika ɗan ofishin tikiti: Yone, da Tora mai ƙaton jiki, da wata ƙanwar mijin Tora wadda ba ta ji sai an yi ihu. Ban da Kikuno, su ne suka rage daga kwale-kwalen. Fusae ta ajiye rikoda a kan tebur ta danna.

Ba wadda ta buɗe baki.

"To, ku fara mana," in ji Fusae.

"A zaune?" in ji Tora. "Hannu a cinya kamar masu jiran likita? Ba za ta fito ba."

Fusae ta leƙa bayan ƙofa ta ɗauko tsintsiya mai doguwar sanda, da sandar goge daɓe, da ƙugiyar jawo rufin taga. Kowacce ta kama ɗaya, suka jeru gefe-gefe, suka ware ƙafa.

"Matsa can, Tora, kin cinye rabin jirgin," in ji Yone.

"Da ma can ni ke jan rabinsa. Ke ban da surutu me kike ja?"

"Me ta ce?" in ji ƙanwar mijin.

"Ta ce kin yi kyau!"

Suka tura, suka jawo. A jawowa ta uku amshin ya fito da kansa, muryoyi uku masu kaushi, kamar ana jan sarƙa a kan dutse: "Ja mu je, ja!" Yone ta buɗe baki za ta bayar da baiti, ta fara, ta tsaya. Ta sake gwadawa, ta sake tsayawa. Ta jingine tsintsiyar.

"Bakina ya ƙi."

"Kin manta ne, Goggo?"

"Ni in manta? Tana da rai, Fusa. Ba a hawa wurin mai bayarwa tana numfashi. Ko ranar da ta haifi Tatsuo, shiru muka fita, ba wadda ta karɓa."

"Ni ma kar ki dube ni," in ji Tora.

Fusae ta kalli rikodar tana juyawa a banza. Gobe da safe ne. Ba mai bayarwa, amshi kaɗai ke hannunta, guntun abu na kalma huɗu. Ta tuna mutanen da za su tsaya a tasha, da Tatsuo, da abin da za a ce in lasifika ta yi ta yin shiru kamar ta lalace. Ta mayar da kaset ɗin farko.

"Ku yi amshin. Wurin baitin ku bar shi yadda yake."

"Fanko?"

"Ku ja sandunanku, ku ƙirga shi a zuci kamar tana yi. In lokacin amshi ya zo ku amsa."

Yone ta daɗe tana kallonta. "Ke dai ba a banza aka bar miki kunne ɗaya ba," in ji ta, ta ɗauki tsintsiyar.

Minti huɗu da rabi suka yi suna tuƙa daɓen ofis. Ba abin da ke shiga rikoda tsakanin amshi da amshi sai numfashinsu da ƙarar diddige. Da suka gama ba wadda ta tsokani wata. Tora ta share fuska da tawul ɗin wuyanta ta ce zafi ake yi.

Asabar ta waye ruwa kwance. Tun kafin jirgi ya ɗaure, ya zama kowa a Hirase yana da saƙo a tasha. Mai gidan waya ya zo duba akwatin da ya duba jiya. Limamin haikali ya zo tambayar lokacin jirgin da ya sani tun yana yaro. Mata sun zo da kwanduna ba komai a ciki. Kowa yana kallon wani waje, sai dai duk sun sa tufafin da ba a sawa don karɓar saƙo.

Tatsuo ya iso riƙe da gwiwar hannun uwarsa, da 'yar jaka ɗaya, don kwalayen sun riga sun shiga ta wurin kaya. Suna tafe a hankali. Mutane suna gaishe ta sama-sama, kamar kullum. Da suka kai gindin tsanin jirgi, Kikuno ta tsaya. Ta juya ta bi fuskokin da kallo, ɗaya bayan ɗaya.

"Mutane da yawa yau."

"Asabar ce, Iya. Mu hau."

Ba ta motsa ba. Ta zare hannunta daga nasa ta kama ƙarfen tsanin, irin kamun da ba a ɓamɓarewa. Ma'aikacin jirgi ya dubi agogo. Tatsuo ya sunkuya yana yi mata magana a kunne, wuyansa ya yi ja. Sa'an nan ya ɗago ya dubi tagar tikiti.

A shekara talatin da takwas Fusae ba ta taɓa danna rikoda ba kafin a kwance igiya. Ta danna.

Lasifika ta yi 'yar ƙara. Sai numfashi, da bugun diddige. Sai: "Ja mu je, ja!"

Shiru. Mutane suka dubi lasifikar, suka dubi juna.

"Ja mu je, ja!"

Shiru kuma. Wani ya yi tari. Fusae tana riƙe da bakin tebur. Kikuno ba ta ko ɗaga kai ba, sai dai diddigenta na dama ya ɗan tashi daga ƙasa, ya sauka.

"Ja mu je, ja!"

A gurbi na uku muryar Kikuno ta fito. Ba wanda zai ce daga wannan ɗan jikin ta fito. Ta haye ƙarar injin, ta bugi bangon rumbun ƙanƙara ta dawo, tsuntsayen da ke kan rufi suka tashi gaba ɗaya.

"Gari ya waye, ruwa ya kwanta!"

"Ja mu je, ja!" in ji lasifika, daidai kan gaɓa, kamar tare aka ɗauka.

"Mijin Tora ya sha ya kwanta!"

"Ja mu je, ja!"

Ta saki ƙarfen. Ta sa ƙafa a matakin farko a kan amshi, ta sa ta biyu a kan na gaba. Ba ta nemi hannun kowa ba. Tatsuo yana biye da ita da jaka, baki buɗe. Da ta kai baranda ta juyo ta fuskanci tasha, ta dafa ƙarfe da hannu biyu, ta ware ƙafa.

"Ɗana ya ce mini asibiti!"

"Ja mu je, ja!"

"Zuwa kaɗai ya yanki tikiti!"

Wannan karon ba lasifika kaɗai ta amsa ba. Wani abu ya ratsa taron, rabi dariya rabi wani abu dabam. Tatsuo ya ajiye jakar. Ya cire tabarau ya rusuna wa bayan uwarsa, ya daɗe bai ɗago ba. Ita ko waiwaye ba ta yi ba.

"Yone, share hanci, kama filafili!"

"Ja mu je, ja!" Yone ta amsa da ihu, hawaye har haɓa. "Tsohuwar banza! Ashe kina ji!"

Aka kwance igiya. Matuƙin jirgin, wanda ya saba busawa sau uku in zai tashi, bai busa ba, kuma ya ja a hankali yadda ba a taɓa ganin ya ja ba. Kikuno ta bi unguwa gida-gida a waƙa. Ta ambaci wanda ya ɓoye giya a rumfar koma, da wadda ta ƙona shinkafar biki, da matattun da rabin masu tsayuwa ba su taɓa gani ba, kowa da baitinsa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matar da ba ta iya tuna ko ta ci abincin safe.

Jirgi bai kai rabin hanyar hasumiya ba kaset ya ƙare, don an fara shi da wuri. Rikoda ta yi ƙas. Fusae ta miƙa hannu za ta mayar, sai ta ji ba a bukata. Tashar gaba ɗaya ta ɗauka, mai gidan waya, da liman, da matan kwanduna, da waɗanda yau suka fara jin waƙar. Ta fito daga ofis, ta bar tagar a buɗe, ta tsaya a bayan mutane. A amshi na gaba ta ji tata muryar a ciki.

Muryar Kikuno ta yi ta raguwa da nisa har ta ɓace. Su Yone suka ci gaba da tura hannu suna jawowa, taro yana amsawa a inda ya kamata, har jirgin ya gifta hasumiya ya karya kwana. Bayan nan ma an daɗe a tsaye. Ba wanda ya so ya zama na farkon juyawa.

"Shekara hamsin," in ji Tora daga ƙarshe, tana fyace hanci, "mijin nan nawa ya mutu ya huta, ita ba ta bar shi ba."

Da jirgin ya dawo da yamma, matuƙin ya sauko da kansa ya zo tagar, abin da ba ya yi. Ya ce Kikuno ba ta daina ba sai da tsibirin ya ɓace, fasinjoji suna amsa mata, har da wasu baƙi biyu masu ɗaukar hoton tsuntsaye. Da ta gama ta zauna, ta nemi shayi. Sa'an nan ta tambayi ɗanta ko a can ana ganin ruwa. Tatsuo ya ce ana gani.

"Gaskiya ya faɗa mata?" in ji Fusae.

Matuƙin ya yi ɗan tunani. Ya ce ya san ginin, a kan tudu yake, bayan tashar jirgin ƙasa. Daga hawa na uku ana gani, in mutum ya je ƙarshen baranda ya tsaya.